Kaskon Adda Dudu

Hayaƙin yana taɓa ta, Aishat ta san ta yi kuskure.

Tana zaune a kan kujerar tsuguno mai huda a tsakiya, bargo ya rufe ta daga wuya har ƙasa, kaskon turare yana ci a ƙarƙashinta. Wajen da take shafa wa magani ya ɗauki raɗaɗi kamar an zuba barkono a yanka. Ba ta yi ƙara ba. Ido kawai ta zuba wa fankar ɗakin da ta tsaya tun safe.

"Amarya, wutan ya yi yawa ne?" Adda Dudu mai gyaran jiki ta tambaya.

"A'a."

"To me ya sa ƙafanki yana rawa?"

Kafin Aishat ta ba da amsa, matar ta ɗage bargon don ta rage garwashi. Ta daɗe a sunkuye, fiye da yadda rage garwashi ke bukata. Da ta ɗago, har da ɗan murmushi a gefen bakinta.

"Ikon Allah... Tashi ki sa kayanki."

Aishat ta tashi ta sa. Ta san aurenta ne ya fita ta ƙofar nan tun kafin ta nemo takalminta, amma ba ta ji komai ba.

Bazawara ce, tela a unguwar Damilu da ke Jimeta. Mijinta na fari ya rasu a hatsarin mota a hanyar Numan, ta yi takaba, ta koma gidan Goggonta da keken ɗinkinta. A nan Jibrilla ya same ta, malamin lissafi a wata sakandare a Karewa. Wando ya fara kawowa a rage masa tsawo. Daga nan ya shiga kawo rigunan da babu abin da ya same su, har ranar da ta ce masa in maɓalli lafiyayye yake so a cire a mayar, ya faɗi gaskiya kawai. Ya faɗa, yana ta gumi.

Mahaifiyarsa, Dada, ba ta so ba. Saurayi, auren fari, a ce bazawara? Ita dai ta daɗe tana yi wa ɗanta tanadin ƙanwar Adda Dudu. Da ta ga yaron ya kafe sai ta sakko, har ta ce gyaran jikin amarya ita ta ɗauka, kuma a wajen Adda Dudu za a yi. Wa zai mayar wa uwar miji kyauta?

Bayan an sa rana ne Aishat ta ji wasu ƙananan tsiro a gabanta. Ba ciwo, sai ɗan ƙaiƙayi. Kezia, maƙwabciyarsu nas, ita ta kai ta wajen wata likita mace. Likitar ta duba, ta ce ƙwayar cuta ce da ake ɗauka ta saduwa, tana iya kwanciya shekaru a jiki ba a sani ba, kuma tana da magani. Ta tabbatar Aishat ba ta da juna biyu, sannan ta rubuta wani man shafawa a 'yan ƙananan ledoji. Ta ce ɗan kaɗan, a kan tsiron kawai, ban da can ciki, ban da fatar da ta fashe. A shafa kafin kwanciya, sau uku a mako ana tsallake rana, da safe a wanke da ruwa da sabulu marar ƙamshi. A wanke hannu kafin da bayan. Kada wani abu ya taɓa wajen, ko turare ko haɗin gida, kuma babu kusantar miji muddin maganin yana jiki. In zafi ya yi yawa ta dakata ta dawo.

Duk Aishat ta ji. Abin da ya tsaya mata shi ne na ƙarshe: yana iya kai wata uku ko huɗu. Biki kuwa saura makonni.

Sai ta yi lissafin tela, wanda in aiki ya matse ake ƙara dare. Ta koma shafawa kullum, tana laftawa, wani lokacin ta wuni da shi. Fatar ta yi ja, ta saɓule. A haka ta je ta zauna a kan kasko, don ba ta san da wane baki za ta ce wa Dada ba ta so ba.

Kafin Keke Napep ɗin da ta hau ya kai Damilu, labari ya riga ta isa Karewa. Zuwa magariba ya dawo gidansu da ƙari: wai ciwon 'yan bariki ne, wai jikinta duk ya ruɓe. Washegari aka ga ƙanwar Adda Dudu ta kai wa Dada dambun nama.

Goggo ta shigo ɗaki tana huci.

"Ki buɗe baki ki ce daga marigayi ne. Kowa ya san direban babbar mota ne. Ki faɗa, ki wanke kanki."

"Goggo, ban sani ba ko shi ma ya sani."

"To ke za ki ɗauka?"

"Yana kabari. Wa zai tambaye shi?"

Goggo ta yi ta faɗa har muryarta ta dushe. Aishat tana tsaye jikin bango tana kallon zaren da ya maƙale a labule.

Kezia ce ta ja ta suka koma asibiti, tana masifa tun daga bakin titi. "Likita ya ce kaɗan, ke kin mai da shi man kitso. In kin gaya mini ai da ni na je na ce wa tsohuwan nan Dada kina da alaji, jikinki ba ya son turare." Likitar ba ta yi faɗa ba. Ta ce a ajiye maganin sai fata ta warke, sannan a sake farawa yadda aka tsara, a sa kamfai na auduga mai sakewa. Ta ƙara da cewa ƙara yawa ba ya ƙara sauri, ƙuna kawai yake ƙarawa.

Jibrilla bai kira ba. Ita ma ba ta kira ba.

Kwanakin nan zama ya gagare ta, don haka keke ya huta. A tsaye take yanka yadi a kan tebur, a tsaye take cin abinci, in ta ci. Ankon bikinta ne ma take yankawa, na 'yan uwan ango, tunda babu wanda ya zo ya ce a daina. Zafin Jimeta yana dukan kwano, gumi yana bin bayanta, ita dai almakashi kawai take ji.

Ran Juma'a bayan la'asar aka ce ana sallama.

Jibrilla ne, yana zaune a kan tabarma a zaure, ya rame. Ta gaishe shi daga bakin ƙofa.

"Shatuna, ba za ki zauna ba?"

"Ba na iyawa."

Ya dube ta. Sai ya miƙe, ya naɗe tabarmar ya jingine ta, ya tsaya shi ma.

"In kayanka ka zo karɓa, Goggo ta haɗa akwatunan," ta ce. "Ba a taɓa komai ba sai turmi ɗaya."

Ya ce ba su ya zo karɓa ba. Ranar da ya ji, ya rasa inda zai sa kansa, gaskiya har ya yi fushi. Sai ya ga duk masu ba shi labarin babu likita a cikinsu, ya je ya sami wani da kansa ya yi tambayoyin da ko a gaban abokinsa ba zai iya yi ba. Daga can ya wuce wajen Dada. Ta yi kuka, ta ce ba da ita ba, ba za ta zo bikin ba. Har yanzu ba ta amsa gaisuwarsa.

"Ba ka tambaye ni inda na samo ba," in ji Aishat.

"Ban tambaya ba."

"An ce yana iya dawowa, ko bayan ya warke. Kai ma kana iya ɗauka."

"An gaya mini." Ya goge goshinsa da hula. "Abu ɗaya ne ya ƙona mini rai. Kin zauna a kan wuta saboda ranar biki. Ranar nan ni na sa ta, Shatu. Da kin ce mini..."

Ya gyara tsayuwa ya ci gaba.

"Na yi magana da Bappana. Za a ɗaura aure ranar da aka sa, a gaban duk masu maganar. Tarewa kuma sai likitarki ta ce. Wata huɗu ne, wata shida ne, ina nan Karewa, ba inda za ni. Ke dai ki shafa yadda aka ce."

"Kaɗan," ta ce, ba ta san ma ta faɗa ba.

"Kaɗan, masoyiya."

Almakashin yana hannunta tun fitowarta, sai yanzu ta lura. Ta nemi inda za ta ajiye, ta rasa. Ya miƙo hannu ya karɓa.

Da hannun ya zama babu komai, sai ta kai shi bakinta.

"Jibrilla... akwai zafi," ta ce, muryarta tana karyewa. "Wallahi akwai zafi sosai."

"Na sani."

Ta jingina da bango ta yi kukan da ba ta yi ba a ɗakin Adda Dudu. Shi kuma yana tsaye riƙe da almakashi, bai ce ta yi shiru ba, bai kuma zauna ba.