Ruwan Zafi a Bakin Kwazazzabo

Ranar Asabar ce, sha huɗu ga Fabrairu, 2009. Gari ya waye tas, babu gajimare ko ɗaya, bayan dusar ƙanƙara ta kwana tana zuba a tsaunukan Maroko. Ku matso. Nafi'u, kashe wayar nan, ba zan maimaita ba.

Lokacin ina karatun ilimin duwatsu a Marrakesh. Ƙawata Tiziri 'yar tsaunukan ce, kuma babu abin da take so kamar hawan magangarar ruwa idan ta daskare. Igiya, ƙananan gatura biyu, takalma masu haƙora. Ni aikina riƙe mata igiya daga ƙasa. Me kika ce, Rakiya? E, ni ɗin dai, Yaya Balaraba da ko mangwaro ba ta hawa.

Kafin a kai gindin ƙanƙarar sai an ratsa wani kwazazzabo. A samansa gangare ne, fari fat, sabuwar dusa ta lafta a kai. Da na ga rana ta fito sai na yi murna. Mutumin ƙasar zafi ke nan. Ban san ranar ce ke sassauta abin da ke rataye a bisa kanmu ba.

Tiziri ta dubi gangaren, ta ciji leɓe.

"Da sauri za mu wuce," in ji ta. "Tun bara nake jiran ƙanƙarar nan."

Ta yi gaba don ta taka mana hanya. Ni na tsaya ɗauraye murfin filas da ruwan zafi. Kafin in zubar, bakina ya riga ni: "Bismillahi. Masu wuri, ku kauce da 'ya'yanku." Kun san kakarmu Iya Tabawa. Ko ruwan taliya za ka tsiyaye sai ka faɗi haka, in ba haka ba ka sha muciya.

Na zuba. Dusar ta lotsa, tururi ya tashi.

"Mun kauce."

Da Hausa aka faɗa. Hausar tsofaffinmu na Gumel.

Na waiwaya a hankali. Wata tsohuwa ce a bayana, zane ɗaya ɗaure a ƙirji, kafaɗu a waje. Ni kuwa cikin riguna masu kauri ina karkarwa.

Na rusuna. "Ina kwana, Iya."

"Lafiya lau, jikar Tabawa. Ki gaishe ta."

Numfashina yana fita kamar hayaƙi. Nata babu. Na sunkuyar da kai don kada mu haɗa ido, sai na ga ƙafafunta. Ni na nutse har gwiwa. Ita tana tsaye bisa dusar, ba takalmi, ba sawu ko ɗaya ta inda ta fito.

"Kin faɗa mana kafin ki zubar da naki," ta ce. "Mu ma za mu zubar da namu. Kira 'yar'uwarki."

"Yaushe, Iya?"

"An riga an ɗaga tukunyar."

Tiziri ta kusa tsakiyar kwazazzabon. Sai na ji wani sauti a ƙarƙashina, dim, kamar an sauke buhun gero a ɗakin maƙwabta. Can sama da ita wani siririn layi ya bayyana a dusar, yana tafiya kamar tsagewar bango.

"Tiziri! Dawo!"

"Me kuma? Sanyi ya ishe ki, 'yar Sahara?"

In na ce aljana, dariya za ta yi ta ci gaba. Sai na zube a bayan wani babban dutse, na kurma ihu wai ƙafata ta karye.

Ta tsaya. Ta dubi ƙanƙararta, ta dube ni. Layin yana ƙara tsawo. Sannan ta juyo, tana bin sawunta tana masifa. A hankali take takowa. Ni ina ta ihu, idona a sama.

Tana dafa kafaɗata, tsaunin ya saki.

Ba ƙara na fara ji ba, iska ce ta buge mu ƙasa. Sai rugugi. Fari ya rufe rana, dusa ta cika mana baki da hanci. Muka ƙanƙame juna a bayan dutsen har ƙasa ta daina rawa.

Da ya lafa, babu hanya, babu sawun Tiziri. Tudu ne a wurin, ya fi soron gidan nan. Tsohuwa ma babu ita. Amma murfin filas ɗina yana zaune a kan dutsen, cike da ruwa, yana tururi. Ni da hannuna na zubar da shi.

Tiziri ta ga na miƙe a kan ƙafar da na ce ta karye. Ta dubi murfin. Ta ɗauka ta sha, ta miƙo mini. Har yau ba ta tambaye ni komai ba.

Don haka ku ji ni. In Allah ya kai ku ƙasar tsaunuka, kada ku shiga ƙarƙashin gangare washegarin zubar dusa, komai kyan rana. Kada ku bi kwazazzabo ku kaɗai. Kuma kada ku zubar da ruwan zafi baki a rufe, ko a ina ne.

Da na koma Marrakesh na zauna rubuta wa Iya Tabawa wasiƙa. Na rubuta na yaga, na rubuta na yaga. A ƙarshe layi ɗaya na bari: "Iya, sun ce a gaishe ki." Na liƙe ambulan, na kai gidan waya, na jefa.