Na Fi Shi Tsayi

"Ɗan rusuna mana, ƙaramata... kin rufe ni a hoton!"

Injiniya ke nan, wanda ake shirin aurenmu da shi, yana magana ƙasa-ƙasa don kada mai hoto ya ji.

"Ka san ba zan iya ba."

Ya sani sarai. Tun ina yarinya ƙashin bayana a karkace yake, kafaɗa ɗaya sama ɗaya ƙasa. Bara likitoci suka miƙar da shi, suka ɗaure da ƙarafa. Na taso daga gadon asibiti da tsayin da ban san ina da shi ba, da bayan da ba ya lanƙwasuwa, da wani dogon tabo wanda har yau na kasa kallonsa a madubi.

Yayarsa da ta rako mu ta taɓe baki. "Ji ta don Allah, ƙiƙam kamar ta haɗiyi tabarya! Yanzu wannan za ka kai gida? Ko tsintsiya ba za ta iya ɗauka ba."

Na jira ya tanka mata. Sai ya hau gyaran wuyan rigarsa.

Mai hoto ya leƙo ta bayan kyamara. "Yallaɓai, ko in kawo maka ɗan akwati ka taka?"

Nan Injiniya ya fashe da faɗa.

"Kin ga abin da kika ja min? Wallahi a da kin fi!"

"Na fi me?"

"Kin fi daɗin sha'ani! Kina tafe kanki a ƙasa, ina riƙe da hannunki, kowa yana sa min albarka. Yanzu fa? Daga sama kike kallona!"

Sai kuwa na kalle shi daga saman. Na ga sanƙon da ya fara ci masa tsakiyar kai, ya lulluɓe shi da 'yan gasu. Wannan ne na kwana ina kuka don kada ya ga tabona? Wannan ɗan abin?

"Ashe ba ni kake so ba," na ce. "Tausayina kake so a ga kana ji."

"Haba rabin raina..."

Na zare zoben da ya sa min a yatsa na sake shi, ya gangara ƙarƙashin kujerar yayarsa.

"Ɗauki abinka. Ni ba na sunkuyawa."

A gida Mama ce ta zuge min zif ɗin rigar. Ba ta tambaye ni komai ba, yatsana kawai ta kalla. Na ji hannunta yana bin tabon a hankali, tun daga wuya har ƙugu.

"Mama... yana da muni, ko?"

"Wannan ɗan siririn layin?" Ta ja tsaki. "Mummunan ai kin baro shi wajen mai hoto."

Na tuntsire da dariya. Sannan kukan ya ƙwace min, na riƙe ta gam, don duk da haka na so shi... wallahi na so shi.