Jakar Duwatsu a Tsaunin Rila

Da hantsi wani makiyayi ya tsinci gawar Tsvetelina a kwazazzabo, ƙasan hanyar da 'yan tseren makarantarsu ke bi a tsaunin Rila. Shekararta sha shida. Kwana tara ke nan da ƙungiyarsu ta zo sansanin horo na rani.

Kafin Sufeto Kirchev ya iso, Koci Stamen ya gama tsara labarinsa. Wai yarinyar ta sulale da sassafe wurin saurayi, ta zame ta faɗa. A gaban ubanta ya faɗi wannan magana, direban bas da ya taso daga garin Dupnitsa ko rigar aiki bai cire ba. Bawan Allah ya sunkuyar da kai don kunya. Ran Sufeto ya ɓaci. An rasa yarinya, kuma ana neman binne ta da ƙazafi.

Likita ya nuna wa Sufeto kafaɗunta. Shati biyu ja wur, irin wanda igiyar jaka mai nauyi ke bari. Jaka kuwa babu ita a wurin.

Sufeto ya hau inda ta faɗo. Cikin ciyawa ya ga duwatsu bakwai masu sulɓi, irin na kogi. Kogin yana can ƙasa, tafiyar awa guda.

'Yan matan ƙungiyar duk amsa ɗaya suka haddace, sai ka ce karatun aji. Sufeto ya ware Ralitsa, wadda suke ɗaki ɗaya da marigayiyar.

"Wa ta zo ƙarshe a gwajin jiya?"

"Tsvetelina, Yallaɓai."

"Me ake yi wa ta ƙarshe?"

Ta fashe da kuka. Ta ce duk wadda ta zo ƙarshe takan goya jakar duwatsu ta hau tsauni kafin karin kumallo, ba ruwa, Koci na binta da agogo. Kwana uku a jere Tsvetelina ce ke ɗauka.

A bayan motar Koci aka sami jakar, da sauran yashin kogi a ciki. Mutumin ko gezau.

"Jiri ne ya ɗebe ta. Ta sauke jakar, ta yi taku biyu, shi ke nan. Ni ma haka aka horar da ni, Sufeto, kuma na ci kofi."

"Da ta faɗa, tana numfashi?"

"Ban sauka na duba ba. Duwatsun na tsaya zubarwa."

Aka sa masa ankwa. Ana tura shi mota, uban ya riƙo hannun Sufeto.

"Ba saurayi ke nan?"

"Babu, baba. 'Yarka ba ta yi laifin komai ba."

"Ran Talata ta kira ni tana kuka, wai in zo in ɗauke ta. Na ce ta daure, Koci ya fi mu sani."

 Sufeto ya umarci direban 'yan sanda ya ja motar.