Jar Tutar Bakin Gada

Tun daga kwana Auta ta hango shi, gabanta ya yanke ya faɗi. Yau ba ita kaɗai ba ce a motar burodin, Yayanta na zaune a gefe yana latsa waya.

"Allah Ka sa ya bar ni in wuce," ta faɗa a ranta.

Ina. Motar gabanta na shigewa ya yi tsalle ɗaya ya dira tsakiyar titi, ya ɗaga jar tuta, bakinsa har kunne. Ta taka birki, da ma tuni ta sassauta ƙafa.

Tun da aka fara gyaran titin bakin gada aka rufe hannu ɗaya, motoci ke wucewa bi da bi. Mutum biyu ke riƙe da tuta, shi a wannan bakin, abokin aikinsa Dogo a wancan, suna magana ta oba-oba. Kuma kullum sai layi ya zo kanta yake ɗaga ja. Sai ta zama ta farko a sabon layi, shi kuma ya jingina da tagarta su sha hira har motocin can su gama wucewa. A haka, cikin warin kwalta da rugugin injin daka ƙasa, mutumin nan ya yi awon gaba da zuciyarta.

"Wata rana sai na take ka," takan ce masa.

"Ke? Ai tun daga kwana kike sassauta mini, zuciyata. Motar nan ta fi ni sanin inda zan dira."

To yau ma ya taho da fara'arsa, ya leƙo.

"Ranki ya daɗe, sarauniyar burodi. Jiya kin tafi kin bar ni da…"

Sai idonsa ya sauka kan Yaya. Kafin wani ya yi motsi, oba-obar da ke ƙirjinsa ta yi ƙara, muryar Dogo ta fito tar.

"Kai, motar burodin ce kuma ko? Wallahi soyayyar nan taka sai ta sa an kore mu."

Auta ta ji kamar ta shige ƙarƙashin sitiyari. Yaya ya ajiye wayarsa a hankali.

"Wane ne wannan?"

"Yaya… mai tuta ne."

"Na ga tutar, ba makaho ba ne ni." Ya dubi saurayin sama da ƙasa. "Malam, aikin da aka ɗauke ka ke nan? Tare 'ya'yan mutane?"

"Ka yi haƙuri, yallaɓai. Da alheri nake nufinta. So nake ma in zo gida…"

"Gidan wa? Kai ina naka gidan? Yau kuna nan, gobe an gama titi kun kwashe ganguna kun yi gaba. Ba mu hanya."

Ya ba su hanya. Ta madubi ta gan shi tsaye, tutar ta sauka har tana jan ƙasa.

A gidan burodin, Ummansu na shafa wa gwangwanaye mai, sai Yaya ya zazzage mata komai, har da ƙari. Ya karɓe wayar Auta, ya yanke hukunci: daga yau hanyar zagaye za ta riƙa bi.

"Ki yi mini alkawari ba za ki neme shi ba sai na yi tunani," in ji Umma.

Ta yi alkawarin, hawaye na bin kumatunta.

Hanyar zagayen kuwa azaba ce. Ta bayan 'yan katako take bi, rami na miƙa ka ga rami, burodi na tsalle a baya. Akwai wani ɗan tudu da ake hango gadar daga can. Kullum sai ta rage gudu ta nemi rigarsa mai ɗaukar ido a cikin taron ma'aikata, in ta gano shi ta yi kukanta ta wuce. Kewarsa ta cinye ta, abinci ma sai an yi da gaske.

Ran nan aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya, ita kuma zazzaɓi ya kwantar da ita. Yaya ya zari makulli.

"Zagayen ya cika da ruwa, ta gada zan bi. Ke kwanta."

Bayan fitarsa Umma ta shigo ta zauna bakin gado, ta taɓa goshinta.

"Dubi yadda kika koma, sai ido. Yaron nan, yana da hankali?"

"Yana da shi, Umma."

"Babanku ma da na aure shi, tandar haya gare shi." Ta yi ajiyar zuciya. "Ki ce ya zo in gan shi. Yayanki ki bar ni da shi."

Auta ta ƙanƙame ta tana kuka tana dariya, zazzaɓin ma ta neme shi ta rasa. Gobe da kanta za ta bi ta gada. Har tana ganin yadda zai hango farar motar daga kwana, ya yi tsallen nan nasa…

Sai dariyar ta yanke.

Farar motar tana kan hanyar gada yanzu. Kuma ba ita ke tuƙi ba.

"Umma, kira Yaya. Don Allah kira shi yanzu."

Umma ba ta kai ga lalubo lambar ba wayar ta yi ƙara a hannunta. Yaya ne, har Auta na jiyo muryarsa.

"Umma… koriyar tuta ce, wallahi koriya ce. Na bi motar gabana, kawai sai ya faɗo mini… na taka birki, titin da santsi…"

Ko da suka isa asibiti an riga an rufe wa mai tutar fuska.

A barandar ta tarar da wani dogon mutum jiƙe sharkaf, tutoci biyu a hannunsa. Ba sai an gaya mata ko wane ne ba.

"Kullum sai ya tambaye ni ko kin ɓullo ta ɓangarena," in ji Dogo, idonsa jajur. "Yau kawai ji na yi ya ce, 'Dogo, ta dawo.' Ban taɓa jin muryarsa da daɗi haka ba."

Yaya na durƙushe a jikin bango, kansa cikin gwiwa. Ya ɗago da ƙyar.

"Auta, ki yafe mini. Ban san zai shigo ba."

"Ba za ka sani ba, Yaya," ta ce, muryarta can ƙasa. "Tun daga kwana ake sassauta masa. Ni kaɗai na san haka, ni kuma ban gaya wa kowa ba."

Sai a lokacin kukan ya ƙwace mata, ta zube a jikin Umma.

An gama titin. An kwashe ganguna da allunan gargaɗi, an buɗe hannu biyu, kwalta sumul, kowa sai sa albarka yake. Auta ta koma tuƙi, don burodi ba ya jiran mai makoki.

Ranar da ta fara bi ta gada, tun daga kwana ƙafarta ta ɗaga da kanta. Motar ta yi ta rage gudu har ta tsaya cak a daidai wurin. Ta sauke gilashi.

Na baya suka dame ta da oda. Wani direba ya zagayo ya leƙo.

"Malama, lafiya? Me kike jira? Hanya a buɗe take."

"Na sani," in ji Auta.

Ta ƙara ɗan jira kaɗan, sannan ta ɗaga gilashin ta wuce.