Kifayen da Suka Yi Shiru

Wani dare Wabadala masunci ya ji gurnani daga ɗakin 'yarsa Nakeyo, ƙasa-ƙasa, kamar ana murza busasshiyar fata. Ni ma na ji daga bukkata, har na ɗauka kogin Aramia ne ke minshari.

Da safe ya ƙwace wayarta, ashe daga cikinta gurnanin ke fitowa. Ƙarƙashin sautin ga saƙo: "Tsuntsuwata, haka kifaye ke kiran matansu a gaban gidanku. Na aiko su su roƙa mini."

Mai saƙon Sawasi ne, ɗalibin da ya zo daga birni yana binciken abin da jiragen dakon katako ke yi wa kogi. Ranar da ya iso, igiyar ruwan wani jirgi ta kife kwalekwalensa, Nakeyo da ke wanke garin itacen sagu, abincinmu na kullum, ta jawo shi tana dariya. Tun daga nan ita ke tuƙa shi a kwalekwale.

Wabadala ya ce asiri ne. Dama ya daɗe yana zargin maƙwabcinsa Dimagi da kore masa kifi. Yanzu kuma ga baƙo mai sa kifi magana, mai kafa sanduna masu jan fenti a gaɓa, daf da kabarin matarsa. A wurinmu, wanda ya kafa sanda ƙasa yake nema. Ya rantse ɗan leƙen asirin masu katako ba zai auri 'yarsa ba.

Ita ma Nakeyo zuciyarta ta fara rawa. Ta rubuta wa Sawasi: "Gaya mini gaskiya, ni kake so ko gaɓar babana?"

Ya amsa: "Gaɓar tafiya take, ko da ni ko babu. Ke nake so ki tsaya. Kawo Baba gobe."

Tsohon ya zo da adda a hannu. Sawasi ya zura wata waya mai ɗaukar sauti cikin ruwa, ya sa masa abin ji a kunne. Ga gurnanin nan, ga ƙwanƙwasa, gari guda a ƙarƙashin kogi. Sai jirgi ya karyo kwana. Wabadala ya dafe kunne, sannan kifayen suka yi tsit. Igiyar ta bugi gaɓa, sanda ɗaya ta faɗa ruwa da ƙasarta.

"Baba, a kan tudu na kafa ta," in ji Sawasi. "Awon yadda ruwa ke cin gaɓa nake yi. Kabarin Mama nake ji wa tsoro."

Wabadala ya daɗe yana kallon kabarin. Daga baya ya miƙa masa addar, ya ce idan da gaske yake, ya saro itace su tokare gaɓar.

Suka tokare, suka dasa sagu. Bayan damina aka ɗaura aure a coci, tsohon ya dafa kawunansu ya sa musu albarka, amarya tana kuka tana murmushi.

Ana rabon kifi da sagu sai wani jirgi ya wuce. Dimagi ya tofar da buai, goron ƙasarmu, da yake taunawa, ya dubi Wabadala.

"To, maƙwabci, tunda ba ni na kore maka kifi ba, wa zai ba ni haƙuri?"