Sunan Da Na Ƙi Cirewa

"Cire sunansa, ki sa nawa a sama!"

Farfesa, shugaban sashenmu, ya wurgo min takardar binciken har ta kusa faɗowa daga tebur.

"Ba zan cire ba, ranka ya daɗe."

"Me kika ce?"

"Na ce ba zan cire ba!"

Ban sauke idona ba.

Shekaru na yi ina fama da wata baƙar hoda da muke kira katalis. 'Yar kaɗan ake zubawa, ta hanzarta aikin sinadarai har ruwan dattin masana'anta ya koma fes. A kwalbar gwaji tana aiki, a babban tanki kuwa sai ta dunƙule ta mutu. Dogo, injiniyan masana'antar rini, shi ya ƙera injin da ya raya ta. Tare muka sha warin tankin nan, tare muka ƙona yatsu... kuma a nan zuciyata ta bi shi ko sallama ba ta yi min ba.

Da jami'o'in waje suka fara neman haɗa gwiwa da mu, sai ga Farfesa, mutumin da ko safar hannu bai taɓa sawa a aikin ba.

"Yarinya, ki bi a hankali," ya ce. "Wanda ya riga ka kwana..."

"Zai riga ka tashi, na sani. Amma bai riga ni zuwa bakin tanki ba."

Kafin in isa gida har ya kira Baba.

"Auta!" Baba ya daka min tsawa tun daga ƙofar falo. "Ashe ɗakin gwaji kika mayar wurin zance? An ce yaron nan tsani ya mayar da ke, in ya yi suna ya yar da ke!"

"Baba, ina sonsa, ba zan ɓoye ba. Kuma guminsa na cikin aikin nan kamar nawa."

Mama ta dafe ƙirji. "Na shiga uku! A gaban mahaifinki?"

"Ko ki rabu da shi, ko ki daina kirana Baba!"

"Baba zan kira ka har in mutu... shi ma ba zan rabu da shi ba."

Washegari na tarar an canza kwaɗon ɗakin gwajina. Dogo na tsaye a bakin mota, hular aikinsa a hannu, idonsa ja.

"Zinariyata, cire ni kawai. Ke nake so, ba takarda ba."

"Har da kai?" Na juyo a fusace. "In na bari aka goge ka yau, gobe ni za a goge! Kada ka ƙara yi min wannan maganar!"

Sai ya yi murmushi.

"Wallahi tsoronki nake ji."

"Gara ka ji!"

Na aika da binciken da sunanmu mu biyu, na ajiye aikin jami'a. Masana'antar ta ba mu wani lungu a ɗakin ajiya, teburi ɗaya da fanka mai kuka. Farfesa ya rubuta wa abokan aikinmu na waje cewa binciken nasa ne. Suka ce to, ya aiko musu da hodar. Har yau suna jira.

Sai ga mutanen wajen nan a lungunmu, suna share gumi suna ɗaukar hoto. Masu jimar fata suka zo, masu yin takarda suka biyo baya. Rafin bayan masana'anta, wanda tsuntsu ma ba ya sauka a bakinsa, ya fara washewa.

Baba kuwa ko gaisuwata ya daina amsawa. Har na gaji na daina. Wannan ya fi komai ci min rai, amma ban bari kowa ya ga hawayena ba.

Wata safiya ina auna ruwa, na ji Dogo ya miƙe da sauri.

Baba ne a bakin ƙofa. Ashe wani amininsa da ke zaune kusa da rafin ne ya gaya masa ƙurajen jikokinsa sun warke, ya kuma tambaye shi ko gaskiya ne 'yarsa ce ta yi aikin.

Ya daɗe yana kallon baƙin ruwa na shiga injin, fari na fitowa. Ya tara hannu, ya shinshina.

"Kai ne Dogon?"

"Ni ne, Baba."

"Ka san halinta kuwa? Taurin kan uwarta ne, ba magani."

"Na sani, Baba. A haka nake so."

"To, kai ka jawo wa kanka. Ka turo iyayenka."

Sannan ya juyo gare ni, muryarsa ta yi ƙasa.

"Auta... yau ba ki gaishe ni ba."

Kwalbar hannuna ta suɓuce. Na durƙusa a gabansa, kukan da na daɗe ina haɗiyewa ya ƙwace min.

Ranar aurenmu, Baba ne ya fi kowa baki. Duk baƙon da ya shigo sai ya riƙe masa hannu ya yi masa bayanin katalis, kuma duk ba daidai ba.

Ban gyara masa ko kalma ɗaya ba.