Wanda Ya Ce Mini Umma

"Ranar Alhamis ce, sha huɗu ga watan Yuli na 2016. Legas ta wayi gari da yayyafi, sama ta yi duhu kamar magariba."

Haka Yaya Uwani, 'yar wan babanmu, ta fara. Muna kwance a tsakar gida a Funtuwa, ni da ƙanwata Kulu, an ɗauke wuta. Ba mu taɓa jin ta yi zancen tafiyar nan ba.

"Na je karɓo kayan yaron nan ne daga bankin da yake aiki, bayan sadakar arba'in."

Yaron nan shi ne Nafi'u, ɗanta na fari. Har ya rasu ba ta taɓa kiran sunansa ba, saboda kunyar ɗan fari. Kakarsa ce ta raine shi, shi kuma Anti yake ce wa Yaya Uwani.

"Mutanen bankin suka ba ni kwali ɗaya, suka kama mini ɗaki a wani otal a Marina, tsakiyar benayen bankuna. Da rana unguwar ba masaka tsinke. Ana yin isha'i, tsit. Kowa ya koma gida. Sai gilasai da fitilun da aka manta a kunne."

"Ke kaɗai?" in ji Kulu.

"Ni da kwalin. Na buɗe. Kofin shayi, dardumar salla, takalmin ofis. Ƙafa ɗaya. Na zazzage kwalin, babu ɗayar. Ina zaune riƙe da shi sai na ji taku a baranda. Ƙwas, sannan wani sauti mai laushi. Ƙwas, sannan mai laushi. Ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya babu."

Kulu ta matso jikina.

"Ya tsaya a ƙofata. Ba sallama. Yaron da ko ɗakin girki ba ya shiga sai da sallama. Sai na ji an ce, 'Umma.'"

Muna jin numfashinta.

"Muryarsa ce, har da 'yar shaƙewar murar nan da ba ta rabuwa da shi. Ya ce, 'Umma, ruwa ya dake ni. Kira sunana in shigo.' Na durƙusa na leƙa ta ƙarƙashin ƙofa. Ga takalmin, ga ƙafar da ba takalmi, ruwa na ɗiga. Amma diddige ne ke fuskantata. Yatsun suna kallon baya."

"Innalillahi! Kika yi ihu?"

"A'a."

"To me kika yi?"

"Na ce masa, sake faɗa."

"Yaya! Magana kika yi masa?"

"Na san ba shi ba ne, Kulu. Tun kafin in ga ƙafar na sani, don nawa bai taɓa ce mini Umma ba. Amma na jingina da ƙofar. Ya ce Umma. Na ce sake. Ya sake. Duk sanda ya faɗa sai ya ƙara da, 'Kira sunana.' Sunan ya taso mini har maƙoshi. Hannuna na kan makulli. Na buɗe baki."

"Sai kika tuna addu'a," na ce.

"Addu'a daga baya ta zo, kada in yi muku ƙarya. Bakin ne bai saba ba. Harshena ya ƙi juyawa. Ina ta fama da shi har na jiyo kiran assalatu daga wani masallaci can nesa. Takun ya tafi, wannan karon duk ƙafafun ba takalmi. Da gari ya waye na buɗe ƙofa. Ga ɗaya ƙafar takalmin, jiƙe sharkaf, cikinsa da ɗumi."

"Yana ina yanzu?"

"Ƙasan akwatina. Duk damina sai na tarar ya jiƙe." Ta gyara ɗankwalinta. "Ku ji ni. Unguwar da mutane ke cika da rana su watse da dare, tana da masu ita. Idan aiki ya kai ku, kada ku kwana ku kaɗai. Ku nemi 'yar uwa ko da a ƙarshen gari take."

Na ɗauka ta gama. Kulu ce ta tambaya, murya ƙasa-ƙasa, "Har yau ba ki faɗi sunan ba?"

"Na faɗa. A mota, a hanyar dawowa, da rana tsaka, mun wuce Ibadan. Matar da ke kusa da ni ta ce, 'Hajiya, wa kike kira?' Na ce ɗana."

Ta juya mana baya, ta ja mayafi.

"Na jira har Ilori. Bai amsa ba."